Daga ina sabon mai zuba jari zai fara?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi a Najeriya ya san barin su a asusu kawai asara ce. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, naira dubu ɗari da aka kulle shekara guda ta rasa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da za ta iya saya. Wannan fargabar ce 'yan damfara ke ci da ita. Misali, MMM ta yi wa masu zuba kuɗi alkawarin ribar kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta yi irin wannan ta'asa a Afrilun 2025.

Don haka kafin a tambayi nawa za a samu, a tambayi daga ina ribar ke fitowa, kuma ko kamfanin yana da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar jari. Wanda ya kasa amsa waɗannan, a bar masa kayansa.

A ganina, sabon shiga ya fara da takardun gwamnati, musamman Sukuk. Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya fitar da na farko a Satumbar 2017, na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai, aka gina tare da gyara hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Mai saye yana da rabo a cikin kadarar, gwamnati na biyansa kuɗin haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta mayar masa da uwar kuɗinsa. Babu kuɗin ruwa a ciki, kuma kuɗin ruwan ne ya daɗe yana hana mutanenmu kusantar harkar. Da naira 10,000 ana shiga. Ba kullum ake fitar da shi ba, amma dillalin hannun jari na iya sayo maka a kasuwar hannun jari ta NGX. Ga wanda kuɗin ruwa bai dame shi ba, akwai takardar lamunin tanadi ta gwamnati, daga naira 5,000.

Hannun jarin kamfanoni kuwa, sai ido ya buɗe. A 2008 mutane da dama sun ci bashi sun sayi hannun jarin bankuna, kasuwa ta faɗi, bashi ya tsaya. Ni ina ganin mai kiwon raguna don babbar sallah ya fi su sanin abin da yake yi.

Kada kuma a taɓa kuɗin cefane, na makaranta ko na asibiti. Kafin ka tura wa kowa sisin kwabo, shiga shafin SEC ka nemi sunan kamfanin a jerin masu rajista.