Taurin Bayan Gida: Ciwon Da Muke Jin Kunyar Faɗa

A zangunanmu, daga Nima zuwa Kumasi, da wuya ka ji mutum ya ce ba ya samun bayan gida. Sai dai ya ce basir ke damunsa. Likitoci kuwa sun ce wanda yake fita ƙasa da sau 3 a mako, da yunƙuri da tauri, har wata 3, to abin ya zama ciwo.

Babban hanji aikinsa tsotse ruwa. Duk daɗewar kashi a ciki, sai ya ƙara bushewa. Mu malaman makaranta muna ganin yara suna matsewa tun safe har a tashi, don gudun ƙazantar masai. Manya ma haka, inda sai an bi layi an biya kuɗi. Ga burodi da farar shinkafa kullum, ga ƙarancin shan ruwa. Maganin ƙarin jini na masu ciki yana jawo shi, haka ma tramadol da kodin.

Mafi yawan maganin yana cikin tukunyarmu: wake, gero da dusarsa, miyar ayoyo, kuɓewa, zogale, da gwanda. A riƙa ƙarawa sannu a hankali, kada ciki ya kumbura. A sha ruwa sosai, a taka ƙafa, a je masai bayan karin kumallo, lokacin da hanji ya fi motsi.

Filasko yana zawo da gaske, amma ba na kullum ba ne. Bentuwa da barkono kuwa, don Allah a daina yi wa yara. Ƙona dubura yake yi. Wanda ya ga jini, ko yana ramewa, ko abin ya soma masa bayan shekara 50, ya tafi asibiti kada ya jira.