Yaƙin da ido ba ya gani

Ba harsashi kaɗai ke cin yaƙin zamani ba. Akwai na'ura mai suna radar: tana aika igiyar radiyo sama, in ta daki jirgi sai ta komo kamar amsa-kuwwa, a gane inda yake.

Daren 24 ga watan Yuli 1943, jiragen Ingila 791 suka tasam ma birnin Hambur na Jamus, suna watsa siraran takardu masu rufin alminiyam. Radar Jamusawa ta ɗauki kowane dami jirgi ne, ta rikice. Jirage 12 kacal Ingila ta rasa. Cikin kwanaki goma, mutum fiye da dubu 30 suka hallaka a birnin.

Jamusawa ma sun san dabarar tun 1942, amma suka ɓoye ta, gudun kada abokan gaba su koya.