BAƘON TAURARO NA TAFE: KADA A RUƊE MU

Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama cikin wata gona a Zagami, ƙasar Faskari, kusa da mai gonar. Da masana suka bincika, sai suka tabbatar ɓallewa ya yi daga duniyar Mirrihu. To, mun kawo wannan ne domin akwai wani abin mamakin da ake jira a sama, ya kuwa kyautu jama'a su san dalilinsa tun kafin 'yan duba su riga su.

A cikin rukunin taurarin da Larabawa ke kira Alfakka akwai wani tauraro da Turawa suka sa wa suna T Coronae Borealis. Ido ba ya ganinsa sai da madubin hangen nesa, amma a 1866 ya haskaka farat ɗaya, ya kuma sāke a 1946. A 2024 masana suka ba da sanarwa cewa lokacinsa ya matso, ko da yake ba mai iya yanke ranar.

Ga yadda abin yake. Taurari biyu ne suke zagaya juna cikin kwana 228. Ɗaya ja ne, ƙato, ɗayan kuwa ana ce masa farin wada, watau gawar tauraron da makamashinsa ya ƙare, girmansa kamar na duniyarmu, amma ya fi rana nauyi. Wadan yakan riƙa jan iska daga jikin ƙaton, tana taruwa a kansa, har bayan kamar shekara 80 zafi ya kai matuƙa ta kama da wuta. A sa'an nan haskensa yakan kai na tauraron arewa, ya yi 'yan kwanaki, ya dushe. Waɗansu fararen wadannin kuma haskensu bugawa yake yi kamar zuciya. Na farkonsu da aka gano yana bugawa kowane minti 12 da ɗoriya.

Mutanen Kankara da Faskari da Sabuwa ba sa bukatar fita daji. Daga tsakar gida, da bazara bayan Isha'i, a dubi gabas maso arewa, ƙasa da tauraron Simaku mai haske, za a ga taurari sun yi rabin da'ira kamar ɓarin ƙwarya. A riƙe siffarsu tun yanzu, domin wanda bai san 'yan gida ba, ba ya gane baƙo.

Muna jan hankalin 'yan kasuwa da ma'aikata: ranar da ya bayyana za a sami masu cewa alamar yunwa ce ko mutuwar wani babba, su nemi kuɗin sadaka. Hasken nan ya baro wurinsa tun kimanin shekara 3,000 da suka wuce, ba ruwansa da farashin masara ko ƙarin girma a ofis. Malamanmu na dā sun rarrabe ilimin falaki, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da shi, da duba, wanda suka hana. Mu kalla, mu nuna wa 'ya'yanmu, kuɗinmu kuma ya zauna a aljihu.