In wasa ya zama sana'a, ina mutum zai huta?

A unguwar Sabon Gari ta birnin Maraɗi, da an yi la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a inuwa. Wasu su ja dara, wasu su raba karta. Ɗan kasuwa ya rufe rumfa, ma'aikaci ya taso daga aiki, kowa na neman inda zai sauke gajiya. Haka abin yake a Tibiri da Jiratawa. Muddin ba a aza kuɗɗi ba, wasa ne, kuma hutu ne. Amma ran da jikka guda ta hau tabarma, hutu ya ƙare, caca ta soma.

Akwai ƙasashen da karta ta zama sana'a sosai. A birnin Las Begas na Amurka, tun shekarar 1970 ake yin gasar duniya ta wata irin karta da ake kira foka. Kuɗɗin shiga babbar gasar dalar Amurka 10.000 ne. Ana yin ta fiye da mako guda, ƴan wasa na zaune awa goma ko fiye kowace rana, suna lissafi suna karantar fuskar juna.

Labarin Stu Ungar ya isa ishara. Ya ci wannan gasa sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma a karon ƙarshe ya ɗauki dala miliyan guda. Sai dai ba shi da lokacin tashi. In ya bar karta sai ya koma cacar dawaki da ta wasanni, ga kuma miyagun ƙwayoyi. A watan Nuwamba na 1998 aka tarar da gawarsa a ɗakin wani masauki mai arha. Shekarunsa 45, dukiya duk ta tafi.

Waɗanda suka daɗe cikin wannan sana'a sun kafa wa kansu dokoki. Suna raba jarin wasa da kuɗɗin cefane. Suna yanke lokacin tashi tun kafin su zauna. Suna barci isasshe, suna motsa jiki, suna riƙe wata sha'awa da ba ruwanta da kuɗɗi. Dalili kuwa shi ne: wanda ya gaji ko ya fusata lissafinsa ɓaci yake, sai ya ƙara zubi don ya fanshe hasara, hasarar ta ninka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta jarabar caca cikin cututtukan hankali. Alamunta uku ne: mutum ya kasa dainawa, ya fifita ta bisa iyali da aiki, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnarta. Addinin Musulunci kuwa tuni ya haramta ta a Suratul Ma'ida.

Saboda haka magidanci ya auna kansa. In albashi ba ya kai goma ga wata, in kuɗɗin taki na gonar Jiratawa sun salwanta a tabarma, in asuba na riskarsa da karta a hannu, to ya nemi likita ko malami ko wani dattijo ya gaya masa. Filin kokowa na nan, lambu na nan, hira da yara na nan. Wasan da ya hana mai shi barci ya zama wahala, kuma iyali ne ke biyan kuɗɗinta.