Farar Wuta a Cikin Albasa da Tukunyar Gas

Kowa ya san farar wuta, wadda ake shafawa don maganin ƙazuwa. Amma ba kowa ya san akwai ta cikin albasa da tafarnuwa, har da gashin kanmu ba. A nan ba ta zama ita kaɗai, sai ta haɗu da kabon da haidirojin. Masana kimiyya suna kasa waɗannan haɗe-haɗe bisa ga abin da farar wutar ta riƙe.

Kashi na farko shi ne tayol. A nan farar wuta tana riƙe da kabon a hannu ɗaya, haidirojin a ɗayan. Warinsa ba a magana. Kashi na biyu salfayid, inda take tsakanin kabon biyu. Na uku daisalfayid, wato ƙwayar farar wuta biyu riƙe da juna. Shi ke ƙarfafa gashi da farce, akwai shi kuma cikin tafarnuwa. Na huɗu su ne masu ɗauke da oksijin, irin wanda ke sa mu hawaye in ana yanka albasa.

To, yaya ake gane su? A ɗakin gwaji akan yi gwajin Lassaigne, mai sunan wani masani Bafaranshe. Sai a ƙona abin tare da ɗan sodiyam, a tsoma cikin ruwa, a tace. In aka ɗiga gishirin dalma ruwan ya yi baƙi, to akwai farar wuta. Kada ɗalibi ya gwada wannan sai a gaban malami, domin sodiyam yana kama wuta in ya taɓa ruwa.

Hanci ma ma'auni ne. Gas na girki ba shi da wari, da gangan ake zuba masa ɗan tayol. A 1937 gas ya tsiyaye a wata makaranta a garin New London, jihar Texas ta Amurka, ba wanda ya ji. Ginin ya fashe, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. Bayan haka ne jihar ta kafa dokar sa wa gas wari.

Saboda haka, iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, in kun ji warin nan a madafi, kada ku ƙyasta ashana, kada ku taɓa makunnin lantarki. Ku rufe tukunyar, ku buɗe tagogi, ku fita waje. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.