Abin da Google Maps bai sani ba a Tsanyawa: yawon keke da waya a aljihu

Duk wanda ya buɗe Google Maps ya rubuta Tsanyawa zai ga babban titin Kano zuwa Katsina ya ratsa garin, ya fito daga Bichi ya nufi Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya. Idan ya ja taswirar hagu ko dama kaɗan, sai ya tarar da fili kusan wayam, 'yan sunaye jefi-jefi. Amma da zarar ya juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam, labari ya sha bamban: gonaki manne da juna, ɗigo-ɗigon bishiyoyi ba iyaka, rufin kwano, da siraran hanyoyi da babu wanda ya ba su suna a intanet.

Waɗannan hanyoyi su ne burtali da 'yan turbobin ƙafa da suka haɗa ƙauyukan ƙaramar hukumar, irin su Gurun, Tatsan, Kabagiwa da Daddarawa. Mota ba ta shiga yawancinsu. Babur na shiga, sai dai yana wucewa da sauri, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba kowane matashi ke iya ƙona lita don yawon ganin gari ba. Keke, ko da tsohon Rali ne ko Finis na gado, shi ne ya dace da wannan aiki: saurinsa ya isa a zaga ƙauyuka uku ko huɗu kafin azahar, kuma bai kai ya hana ido ganin abin da ke gefen hanya ba.

Abin gani kuwa akwai shi. Gawo na cikin bishiyoyin da suka fi ban mamaki a ƙasar Hausa, domin yana yin akasin sauran: da damina, lokacin da komai ya yi kore, shi yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo ya yi ganye shar. Shi ya sa manoma ke barin sa a tsakiyar gona, ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne. Mai keke da ya ɗauki hoton gawo guda a watan Agusta, ya koma ya sake ɗaukarsa a Fabrairu, zai samu hotuna biyu da ɗan birni zai rantse an musanya kwanan watansu.

Sai kuka. Masana sun auna shekarun wasu kukoki a Afirka sun tarar sun haura shekara 1,000, kuma manyansu kan yi kogo a ciki. Inda aka ga kukoki da yawa sun taru a fili babu gida kusa, sau da yawa kufai ne, wato an taɓa yin gari a wurin. Idan aka duba ƙasa da kyau a kan ga fasassun tukwane, tsohon dutsen niƙa, ko bakin rijiyar da ta cike. A saman wasu bishiyoyin kuma akwai amya, gidan zuma da aka saƙa da ciyawa aka rataye, wadda daga nesa take kama da tabarma a naɗe. Babu manhajar da za ta faɗa wa mutum sunan kufan ko dalilin tashin mutanensa. Wannan sai dattijon da ke zaune a inuwar ƙofar masallaci, kuma ba zai faɗa ba sai an sauka daga kan keke an gaisa.

A nan ne waya ke shigowa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne GPS ba ya buƙatar data: wayar na karɓar sigina ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, don haka ko sabis ya ɗauke, Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihu ta san inda take. Abin da take buƙata kawai shi ne taswirar da aka riga aka sauke. Google Maps na bari a sauke yanki, amma ba ya ajiye hoton tauraron ɗan'adam, kuma jagorancin da yake yi ba tare da data ba na mota ne kaɗai. Organic Maps da OsmAnd sun fi shi amfani a karkara. Dukansu suna aiki ba intanet, suna zana layin duk inda aka bi, suna kuma bari a dasa alama a rubuta suna. Na farkon ya fi sauƙi ga sabon hannu, na biyun yana da saituka da yawa har sukan rikita mutum.

Manhajojin biyu sun dogara ne da OpenStreetMap, taswirar duniya da aka fara a 2004, wadda duk mai asusu zai iya gyara ta kamar yadda ake gyara Wikipedia. Ma'ana, matashin Tsanyawa na iya saka rijiyar burtsatse, makarantar firamare ko mai facin taya na ƙauyensu, da sunan da mutanen wurin ke kiran su da shi. Ba wasa ba ne: a yaƙin da aka yi da cutar shan inna a Arewa, an riƙa ba masu rigakafi wayoyi masu GPS, aka zana taswirar ƙauyuka da rugage don a gano inda ake tsallakewa, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin masu wannan aiki. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Sai dai ba kowane abu ake ɗorawa ba. Tsanyawa na kan iyaka da jihar Katsina, kuma a ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a wasu ƙauyukanta da na maƙwabciyarta Shanono. Layin tafiya da aka wallafa a Strava ko Facebook na nuna ta inda ake shiga ƙauye, inda ake fita, da lokacin da mai keken ya saba wucewa. Hoton garken shanu ko cikakkun rumbuna ɗauke da lambar wuri ba abin yaɗawa ba ne. Kamarar waya kan liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi idan an kunna mata hakan. WhatsApp na goge bayanin idan an tura a matsayin hoto, amma idan an tura a matsayin fayil, da shi yake tafiya. Ya fi a kashe shi a saitin kamara, a kulle asusun Strava, a kuma tambayi mutanen gari wace hanya ce ke da lafiya kafin a kama ta. Baƙon da ya shiga ƙauye yana ɗaga waya sama ba tare da ya gaida mai unguwa ba, a wannan yanayi, shi ya jawo wa kansa zargi.

Sauran shiri bai da yawa. GPS na shan caji, don haka a tafi da fawa bank. Kada a ɗaure waya a kan keke cikin ranar Maris ko Afrilu, za ta yi zafi ta rage haske ko ta kashe kanta. Aljihu ko jaka ya fi. Tsidau da ƙaya ba sa raga wa taya, saboda haka famfo da kayan faci dole ne. Inda yashi ya yi yawa, musamman a bakin rafi, sai a sauka a tura. Lokaci mafi daɗi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da aka girbe gero da dawa, fili ya buɗe, kukokin kufai suna bayyana tun daga nesa. Sai dai a goge gilashin kamara akai-akai, don ƙurar hunturu.