Daga Jega zuwa Porto: me ke faruwa da yaro tsakanin filin unguwa da babban kulob?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba.

Ranar 7 ga Mayun 2022, a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, Porto ta je gidan Benfica. An cika minti 90 babu ci, an shiga ƙarin lokaci, sai ga mai tsaron baya na hagu ya taso a guje tun daga bayan fili ya jefa ƙwallo a raga. Da wannan ƙwallo Porto ta ɗauki kofin gasar ƙasar a ranar. Wanda ya ci ta shi ne Zaidu Sanusi, haifaffen Jega a 1997. Jegar nan dai da muke zuwa cin kasuwa daga Kalgo da Gwandu.

Tun daga lokacin, duk filin da ka je da la'asar za ka ji ana cewa wane ne Zaidu na gaba. To ni abin da ya dame ni shi ne, kowa ya san inda Zaidu ya fara, kowa ya san inda ya kai, amma ba kasafai ake maganar tsakiyar ba. Kuma a tsakiyar nan ne yaranmu ke ɓacewa.

Mu bi sawunsa. Ya yi wasa a Jega United, ya ratsa ta Niger Tornadoes ta Minna, a 2016 ya isa Fotugal wurin Gil Vicente. Can ɗin ba a sa shi cikin manya ba. An tura shi Mirandela, wani ƙaramin kulob a rukuni na uku, a wani gari na can arewacin ƙasar da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Nan ya zauna yana buga wasa mako bayan mako har 2019, sannan Santa Clara ta rukunin farko ta ɗauke shi. Kaka ɗaya ya yi, a 2020 Porto ta saye shi, a shekarar ne kuma ya fara sa rigar Super Eagles. Ku ƙirga, shekara huɗu tsakanin saukarsa Turai da babban kulob. Da a nan gida ne, wallahi a shekara ta biyu an fara cewa yaro ya tafi Turai ya lalace.

Da nake haɗa wannan shiri sai na nemi wasan da ya fi kowane tsara wannan tsakiyar. Abin dariya, wasan da na ci karo da shi babu ko filinsa a ƙasar nan: hoki na kan ƙanƙara, wanda 'yan Kanada suka ɗauka kamar yadda muka ɗauki ƙwallon ƙafa. Mu da ƙanƙara sai a cikin zoɓo. Amma ku ɗan yi haƙuri da ni, akwai darasi.

Babbar gasarsu ita ce NHL, ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Kowace shekara suna zama su raba matasan da suka kai shekara 18, zagaye bakwai, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke da babbar damar fara zaɓa. Amma zaɓen yaro ba ya nufin gobe zai fito a talabijin. Ƙalilan ne ke shiga cikin manya kai tsaye. Sauran ana mayar da su gasar matasa ta 'yan shekara 16 zuwa 20, ko jami'a, ko ƙungiyoyinsu na Turai. In sun ƙara girma sai a kai su gasar da ke ƙasa da babbar, wato AHL, inda kowace babbar ƙungiya take da ƙaramar ƙungiyarta. Su da kansu suna kiran waɗannan ƙanana da ƙungiyoyin gona. Manomin shinkafa a fadamarmu zai fi kowa gane wannan suna: ba ka cire iri daga inda ka rene shi ka dasa sai ya yi ƙwarin da zai jure ruwa.

Akwai wata ƙa'ida tasu da ta burge ni. Yaro ɗan 18 ko 19 da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko, ƙungiya za ta iya gwada shi a wasa tara cikin manya. In ta ga bai nuna ba, sai ta mayar da shi gasar matasa, shekarar ba za ta shiga lissafin kwantiragin ba. In ya buga na goma, shekara ta fara ƙirguwa. Wato an tilasta wa masu ƙungiya su zauna su yanke shawara: yaron nan wasa zai yi, ko zaman benci? Domin a wurinsu, matashin da ke zaune a benci asara ce. Gara ya je ƙaramar gasa ya buga minti ashirin kowane dare, da ya zauna cikin manya yana samun minti biyar. Kuma mintunan nan rubuta su ake yi, har da daƙiƙa.

Sannan yaron da ya bar garinsu yana ɗan 16 ba a jibge shi a wani ɗaki da mutum goma. Ana ba wani gida riƙonsa, ya ci abincin gidan, ya je makaranta. A manyan gasannin matasa na Kanada, kowace kaka da ka buga tana jawo maka kuɗin karatun shekara ɗaya a gaba da sakandare. Sun san mafi yawan yaran ba za su kai babbar gasa ba, don haka aka tanadi inda za su faɗa.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Wasan masu hali ne, kayan sawa kaɗai sun fi ƙarfin talaka. Kuma akwai Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta jihar Kogi, ya girma a Yukren da Kanada. A 2005, yana ɗan 16 a gasar matasa, ya ƙi yarda da wulaƙancin da tsofaffin 'yan wasa ke yi wa sababbi, abokin wasansa ya fasa masa haƙora da sanda. A 2019 ya fito ya faɗi kalaman wariyar launin fata da wani koci ya yi masa a AHL, kocin ya bar aikinsa. Tsari mai kyau ba ya hana zalunci in babu mai sa ido.

To mu dawo gida. Yaro a Gwandu yana da ƙafa, kowa ya shaida. Ina zai je?

Yana buga wa ƙungiyar unguwa. Gasa ba ta zuwa sai wani ɗan siyasa ya sa kofi, galibi in zaɓe ya matso, ko bayan Sallah. Gasar kuma ta fitar da wanda aka ci ce: ka sha kashi sau ɗaya, shi ke nan, sai baɗi. Yaro zai iya shekara bai buga wasa biyar na gaske ba, mai alƙali da sakamakon da ake rubutawa. A fili ɗaya za ka ga ɗan 14 da magidanci mai 'ya'ya uku suna neman ƙwallo ɗaya. Koci na son kofi, saboda haka babba mai ƙirji zai sa, ƙaramin mai basira ya riƙe robar ruwa. Ban ga laifin kocin ba sosai, mutumin da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa.

Sama da nan fa? Jihar Kebbi ba ta da kulob a gasar Firimiyar Najeriya. Kebbi United ba ta kai can ba tukuna. Yaron da ke son babban mataki sai ya nufi Minna, ko Katsina, ko Kano. Can kuma kulob na neman maki uku ne a ranar Lahadi, koci na tsoron kora, ba wanda ke da haƙurin rainon ɗan 17. A takarda, ƙa'idar ba kulob lasisi ta ce sai yana da ƙungiyar matasa. A ƙasa, ku je ku tambaya sau nawa matasan nan ke buga wasa a wata.

Inda aka yi abin daidai kuwa an ga amfaninsa. Ahmed Musa daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos aka ba da aronsa ga JUTH, daga nan aka ba Kano Pillars. Ya samu wasa, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya yana matashi, a 2010 ya tafi VVV-Venlo ta Holan. Ba Ingila ya fara zuwa ba, sai 2016 ya isa Leicester bayan shekaru a Rasha. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus, bai ci ko ɗaya ba. Aron da aka ba da shi ga Charleroi ta Beljiyam ne ya farfaɗo da shi. Wanda aka ba kyautar gwarzon waccan gasar, Kelechi Nwakali, Arsenal ta saye shi, har ya bar ta bai buga mata wasan gasa ba. Najeriya ta ci wannan kofi sau biyar, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Ku zauna ku lissafa nawa cikin yaran nan kuka sake jin ɗuriyarsu.

Da babu matakala, sai dillalai suka cike gurbin. A unguwarmu an yi wani yaro, ba zan kama suna ba, wanda wani mutum ya zo da takarda mai tambarin wani kulob na waje ya ce an gayyace shi gwaji. Mahaifinsa ya sayar da shinkafar da ya noma ta rani, aka haɗa da bashi. Yaron bai wuce Legas ba, wata biyu yana kwana a ɗakin wani, wayar mutumin ta daina shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron ɗan 16 ne, kuma dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai da ba su shafi irin yaranmu ba. Da mutum ɗaya a gidan ya san wannan, da shinkafar na nan. Iyaye, ku riƙe wannan: kulob ɗin da ke son ɗanku da gaske shi ke biyan kuɗin jirgi.

Yanzu ga wurin da nake so masu ƙungiyoyin unguwa su buɗe kunne, don maganar kuɗi ce. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15, kowace shekara tana da kwata na kashi ɗaya. Daga 16 zuwa 23, kowace shekara rabin kashi ɗaya. Mu yi lissafi: ka riƙe yaro daga 12 zuwa 17, kana da kashi 2. In wata rana aka sayar da shi Yuro miliyan ɗaya, Yuro 20,000 naka ne. In aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, ka sake samu. Ku juya wannan zuwa naira ku ga ƙwallo nawa da takalma nawa zai saya.

Amma fa sharaɗin shi ne rajista. Tun ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke biyan waɗannan kuɗaɗe, kuma tarihin rajistar ɗan wasa na kwamfuta yake dubawa. In ƙungiyarka ba ta da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, yaron ba ya cikin kundin NFF da sunan ƙungiyarka, to ko kai ka koya masa ɗaure takalmi, ba ka da ko sisi. Hoton da kuka ɗauka tare a fili ba hujja ba ne.

Rajista kuma tana jawo maganar da ba mu so, ta shekaru. Yawancin yaranmu ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, sai ranar gwaji a je a yi rantsuwar kotu a zabge shekara huɗu. Tun 2009 ake amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da 17, kuma an sha sallamar yara daga sansanin Najeriya saboda shi. Mai shekara 21 da ya shiga cikin 'yan 16 zai haskaka, ba shakka. Bayan shekara uku sai a ga ya tsaya cak, ga kuma ɗan 16 na gaske da ya tare wa hanya ya koma acaɓa.

Ni abin da nake gani za mu iya ba ya buƙatar jiran Abuja. Gwandu, Kalgo, Jega, Aliero, Bunza da Birnin Kebbi duk kusa suke da juna, a je a dawo a yini ɗaya. Me zai hana a yi gasar 'yan ƙasa da 15 da ta 'yan ƙasa da 17 mai zuwa gida da waje, wadda ko an ci ka za ka sake fitowa Asabar mai zuwa? Ba kofin mako biyu ba, wata shida ana yi. Sharaɗin shiga, takardar haihuwa da shaidar cewa yaro na zuwa makaranta, boko ko Islamiyya, ko yana koyon sana'a. Kowane wasa a samu ɗalibi ɗaya da littafi ya rubuta wa ya buga, minti nawa, a wane gurbi. Wasan ƙarshe a nemi filin Haliru Abdu. Kuɗin mota da na alƙalai ne babban nauyi, kuma abin da ake kashewa a bikin ba da kofi guda, da rumfa da makaɗa da hula, zai ɗauki makonni da dama.

Na san wani zai ce, to ai Zaidu bai bi ta wannan tsari ba kuma ya kai. Gaskiya ne. Amma Mirandela ce ta yi masa aikin da ya kamata a ce an fara yi masa a gida, kuma shi ya yi sa'ar isa can. Abokan wasansa na Jega da suka kai shi ƙafa, ko suka fi shi, ba su samu wannan jirgi ba.

Masu horar da yara a Gwandu da Kalgo, ina da tambaya gare ku, ku ba mu amsa a ƙasa: ƙungiyarku na da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha? In babu, me ya hana, kuɗi ne ko rashin sanin hanya? Amsoshinku za mu tattara mu je da su ofishin hukumar a Birnin Kebbi, abin da suka ce kuma za ku ji shi a shiri na gaba.

Sai mun haɗu, a huta lafiya.